Mu Kai Iyalinmu Su Ga Sawakin Kafin Ta Ƙarasa Zubewa

Makon jiya muna zaune wajen mai shayi a bakin kasuwar amfanin gona ta nan Gadarif, sai wani abokin fataucina wanda muka daɗe muna bin hanyar Gallabat tare ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Alhaji, dubi yadda mutane ke cin duniya." Hoto ne na ɗan yayansa da ke zaune a Italiya, shi da matarsa da 'ya'yansu biyar da surukarsa, sun cika wani ɗan kwalekwale a tsakiyar birnin Benis, wanda Larabawa ke kira Bundukiyya. Wayar ta zaga hannu kusan goma, kowa na jinjina kai. Wani ya ce wannan sai Turawa da waɗanda suka zauna da su. Wani ya ce shi ko kyauta aka ba shi ba zai kwashi mata da yara ya je kallon tsofaffin gidaje ba, don kallo ba ya cika tumbi.

Ban ce komai ba a wurin, don shayi ba ya son gardama. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta wannan fili, tunda na san akasarin masu karanta shi 'yan kasuwa ne irina, masu kwana a mota tsakanin Gadarif da Gallabat da Kasala.

Da farko dai, shi wannan Benis ɗin da ake yi mana burga da shi ba komai ba ne face garin fatake. Tsibirai ne a cikin ruwa, babu gona babu makiyaya, mutanensa suka yi arziki da sayen barkono da kayan yaji da alharini daga Iskandariyya da Sham suna kai wa sauran Turai. Har zango suka ware wa fataken Turkawa tun shekarar 1621, inda suke sauka su ajiye kayansu, kamar dai yadda fatoma ke saukar da baƙonsa a wurinmu. Da ciniki ya juya wa garin baya, sai jikokinsu suka riƙe gine-ginen kakanninsu suka mai da su abin nema. Yau mutane sun yi musu yawa har ta kai a shekarar 2024 hukumar birnin ta sa wa mai zuwa yini guda harajin Yuro 5 a ranakun cunkoso.

To, jama'a, mu ma muna da garin fatake a kan tsibiri, kuma ba ya bukatar biza ko tsallaka hamadar Libiya. Sunansa Sawakin. Tambayata ita ce, a cikinmu mutum nawa ne ya taɓa kai iyalinsa can? Ba na nufin wanda ya je karɓo kaya a tashar Usman Digna ya juyo a ranar, ko wanda ya raka mai tafiya Umra. Ina nufin wanda ya ɗauki uwargida da amarya da yara da tsohuwa, ya ce yau ba ciniki, ku zo ku ga inda kakanninku suka bi.

Ni na yi, a watan Janairun 2023, wata uku kafin yaƙi ya ɓarke. Kuma ba don wayewa na yi ba. Mahaifiyata ce ta matsa mini. Shekara da shekaru tana ba mu labarin yadda mahaifinta ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa, ya bi ta Barno da Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira har ya tara guzuri, sannan ya isa Sawakin inda aka tsare su a wurin killace alhazai kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da ya dawo ƙarfi ya ƙare, sai ya yi gona a Gadarif, ga mu nan har yau. Wata rana da daddare ta ce mini, "Kai kullum kana kan hanya, amma ni ban taɓa ganin tekun da Baba ya haye ba." Na ce, "Inna, in Allah ya kai mu bayan kaka." Ta ce, "Haka ka ce bara." Kunya ta kama ni.

Mu goma sha bakwai muka tashi: ni, da Inna, da matana biyu, da yara goma sha ɗaya, da ƙanena, da yaron shagona. Duk wanda ya taɓa fita da irin wannan runduna ya san tun daga ƙofar gida ake fara yaƙi. Wannan ya manta takalmi, waccan tana kuka don an zaunar da ita nesa da taga, amarya ta ɗauko tukwane kamar za mu yi hijira. Ƙaramar bas na ɗauka haya gaba ɗaya, irin wadda ake kira hafila, don na lissafa na ga kuɗin tikitin mutum goma sha bakwai a babbar bas, da kuɗin rakša a kowane gari, ya kusa kamo kuɗin hayar, ga shi kuma babu direban babbar bas da zai tsaya maka sau shida don fitsarin yara.

Daga Gadarif zuwa Kasala tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai ce. Hanya ce da na bi ba adadi, amma sai ranar na san ban taɓa kallonta ba. A Kashmul Girba yara suka sa direba ya tsaya su ga ruwan kogin Atbara da aka datse tun 1964, babbar 'yata kuwa, wadda ke sakandare a lokacin, ita ta ba mu labarin mutanen Halfa da aka kwaso daga arewa aka zaunar a nan saboda ruwan madatsar Aswan ya cinye garinsu. Ni da nake sayen gyaɗa a wajensu shekara ashirin ban taɓa tambaya ba.

Kasala kuwa, in ana maganar Italiya, ai ba sai mun je Turai ba, su Italiyawan da kansu suka zo. Sun ƙwace garin daga hannun mutanen Mahadi a watan Yulin 1894, suka riƙe shi har ƙarshen 1897 da suka miƙa wa sojojin Masar da Ingila. Suka sake shigowa daga Iritiriya a watan Yulin 1940, aka fitar da su a Janairun 1941. A wannan shekarar ta 1940 ɗin sun kama Gallabat ma, aka gwabza a kan ganuwarta a watan Nuwamba. Bayan an daina zuwa da bindiga sai masanansu daga jami'ar Nabuli suka dawo da magirbi, suka yi ta haƙa a wani wuri da ake kira Mahal Teglinos a gindin duwatsun Taka, suka tono shaidar cewa mutane sun yi zama a wurin fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce. Wato Bature ya baro Italiya ya zo ya durƙusa cikin rana yana tonon tarihin Kasala, mu kuma muna wuce wurin da buhunan albasa ba mu ko waiwaya.

Mun kwana biyu a Kasala a gidan dangin uwargida a yammacin Gash. Mun je Katmiyya, inda tsohon masallaci da hubbaren Sayyid Hasan Mirgani, wanda ya rasu a 1869, suke a gindin dutse. Na san akwai masu karatu da za su ɗaure fuska a nan, don ba kowa ya yarda da ziyarar hubbare ba, kuma ba na son buɗe wannan babi. Abin da zan ce kawai, mutum yana iya tsayawa ya dubi ginshiƙan jan bulo da hasumiyar da suka yi fiye da shekara ɗari a tsaye, ya gaya wa ɗansa wanda ya gina da abin da ya faru a wurin, ba tare da ya taɓa aƙidarsa ba. Da la'asar muka hau Totil, inda ake shan jabana a kan duwatsu ana kallon gari da lambunan mangwaro da gwaiba. Mutanen garin suna cewa wanda ya sha ruwan rijiyar Totil sai ya dawo Kasala. Inna ba ta iya hawa matakalar ba, sai muka bar ta a ƙasa da amarya, aka kawo mata ruwan a gora. Ta sha ta ce ita dai ba ta ce za ta dawo ba, amma ruwa ne mai daɗi.

A nan ne kuma muka ga tashin hankali. Ana shirin sauka aka ƙirga yara aka samu goma. Ɗan shekara shida ba ya nan. Minti ashirin ɗin da muka yi muna nemansa, wallahi sun fi mini dare a hanyar Gallabat da mota ta lalace tsawo. Ashe ya bi birai ne ya zaga bayan wani dutse, wata mai sayar da jabana ta riƙe shi ta ba shi gugguru tana jiran a zo nema. Tun daga ranar na kafa doka: kowane babba a cikin yaran an ɗaura masa ƙarami guda, shi zai amsa in an tambaya, kowane yaro da takarda a aljihu mai lambar wayata, kuma mota ba ta tashi sai an kira suna ɗaya bayan ɗaya kamar a makaranta. Mai niyyar irin wannan tafiya ya fara da wannan doka tun daga gida, kada ya jira birai su koya masa.

Daga Kasala zuwa Sawakin ita ce doguwar tafiya, yini guda cur, ta Durdeb da Hayya da Sinkat, sannan a gangara ta Akaba, inda hanya ke murɗawa cikin duwatsu. Rabin yaran sun yi amai a wurin. A tanadi leda da lemun tsami. Amma da muka sauko fili, teku ta bayyana daga nesa, motar ta yi tsit. Inna ta sa aka tsaya, ta fito ta daɗe tana kallo, ba ta ce da kowa komai ba.

Sai in gaya wa mai karatu gaskiya don kada ya je ya zage ni: Sawakin kango ce. Wanda ya je da hoton Benis a ransa zai yi baƙin ciki. Gidajen tsibirin da dutsen murjani aka gina su, wanda ake sarowa daga teku, wasu hawa biyu wasu hawa uku, da tagogin katako masu sassaƙa. Shi kuwa wannan dutse sai ana shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, in aka bar shi iskar gishiri ta cinye shi. Turkawan Usmaniyya sun mallaki garin tun ƙarni na 16, nan ne ƙofar Sudan ta teku, nan ayarin raƙuma ke sauke ƙaro da hauren giwa da fatu su ɗauki yadi da turare. Da Turawan Ingila suka ga mashigar ta yi wa manyan jirage ƙunci, sai suka gina Bur Sudan, kimanin kilomita 60 arewa, aka buɗe ta a 1909. Ciniki ya koma can, attajirai suka bi shi, gidaje suka rasa mai shafe. Cikin 'yan shekaru gari ya fara zubewa.

Duk da haka akwai abin gani. Akwai ƙofar Kicina a bakin gari, da gadar da Gordon ya sa aka yi ta haɗa tsibirin da tudu. Akwai masallacin Hanafi da na Shafi'i da gidan kwastan, waɗanda hukumar Turkiyya ta gyara; shugabansu Erdogan ma ya zo da kansa a Disamban 2017. Akwai ragowar wakalar Shinnawi, babban masaukin fatake, wanda mutanen garin ke cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara. Na tsaya a gabansa na daɗe, don na ga kaina a ciki. Mai wannan gini ɗan kasuwa ne kamar ni da kai, kuma a zamaninsa ba wanda zai ce masa hanya za ta kauce ta bar shi. Mu da muke zaune a kan iyaka, da muka ga yadda rikicin Fashaga daga 2020 da faɗan yankin Amhara daga 2023 suka sha rufe Gallabat da Matamma suka bar mutane da kaya a hannu, bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Yaran kuwa ba wannan ya dame su ba. Su dai kyanwoyin garin, waɗanda aka ce musu aljanu ne tun zamanin Annabi Sulaimanu, da soyayyen kifi a bakin ruwa, da ɗan jirgin da ya zaga da su tsibirin. Amma da yamma, a Gef, ɓangaren tudu inda mutanenmu suke sauka a da, Inna ta zaunar da su a ƙasa ta sake ba da labarin mahaifinta daga farko. Labarin da suka ji sau ɗari suna gyangyaɗi, ranar ba wanda ya motsa. Ɗana na uku ya tambaye ta, "Iya, to da ƙafa ya zo har nan? Duk hanyar da muka biyo da mota?" Ta ce, "Wannan ai ƙarshenta ne ka gani."

Ga dalilin da ya sa na ce maganar nan ta wuce yawon buɗe ido. Mu Hausawan Sudan mun san abin da ake faɗa mana in rai ya ɓaci. Mun tuna Oktoban 2008, da wata jarida ta buga maganar da ta sa aka fito zanga-zanga a nan Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Mun tuna Yulin 2022 a jihar Nilu Shuɗi, inda gardama kan sarauta da ƙasa ta zama kashe-kashen da suka ci ɗaruruwan rayuka kafin shekarar ta ƙare. Kalmar da ake jifan mu da ita ɗaya ce: baƙi. Yaron da aka ce wa baƙo a makaranta, in bai san komai ba, ko dai ya sunkuyar da kai ko ya ɗauki dutse. Amma wanda ya san cewa Takarir ne suka riƙe Gallabat da kasuwarta tun kafin a yi yaƙin da Sarkin Habasha Yohana ya mutu a cikinsa a 1889, wanda ya san Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa a bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda ya taka da ƙafarsa inda kakansa ya jira jirgi, wannan yaron yana da amsa a bakinsa. Littafin makaranta ba zai ba shi wannan ba. Mu ne za mu ba shi, ko kuma ya tashi babu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce, Alhaji, ana yaƙi kana maganar yawo? Tun daga 15 ga Afrilun 2023 ƙasar nan ba ta zauna ba. Gadarif ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, da na Madani a ƙarshen 2023, da na Sinja a 2024, har makarantu suka zama masauki. Kwalara ta yi ɓarna a Kasala da nan a 2024. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari Bur Sudan da filin jirgin Kasala. Kuɗi ya lalace, abin da ka saya da safe ba shi ne farashin yamma ba. Duk na yarda. Ba na ce wa kowa ya kwashi yara ya shiga hanya ba tare da ya tambayi direbobin da suka biyo ta jiya ba, kuma wanda ke da 'yan gudun hijira a gidansa yana ciyar da su, ya fi ni abin yi da kuɗinsa.

Amma yaƙin nan shi ne ma ya ƙara mini ƙarfin wannan ra'ayi. Shekara nawa muna cewa wata rana za mu kai yara babban gidan tarihi na Khartum su ga kayan Fir'aunonin Kush? Da sojoji suka karɓe birnin a Maris 2025 aka shiga, sai aka tarar an wawushe shi. Wanda bai gani ba a da, ya rasa ke nan. Sawakin ba ta ma bukatar ɓarawo, damina da iska sun ishe ta. Su kuma tsofaffin da suka san labarin, ba sa jiran a yi sulhu. Inna ta rasu a daminar 2024. Da na sake cewa sai baɗi, da yanzu ba ni da abin da zan rubuta a nan.

Maganar kuɗi kuma, mu daina yaudarar kanmu. Duk abin da na kashe a kwana shida, da hayar mota da man dizal da abinci da dare biyu a wata lokanda da mai ita ya ninka mana kuɗi da ya ga yawanmu, bai kai abin da na kashe a bikin sunan ɗana na ƙarshe ba. Mun tafi da garin asida da busasshiyar kuɓewa da gawayi da jarkokin ruwa, mata suka yi girki da kansu, kifi kawai muka saya. Mutumin da zai yanka rago biyu ya kafa rumfa ya ɗauko masu kiɗa don a ce ya isa, shi ne zai ce maka ba shi da kuɗin kai 'ya'yansa Kasala. Kuma mu faɗi wadda ba a son faɗa: da yawanmu ba kuɗin ne matsalar ba, fita da mata ne muke jin nauyi. Matar da ta yi shekara ashirin tana haɗa maka guzuri kana tafiya kana dawowa, ba ta san komai a ƙasar nan ba sai gidan ubanta da naka da asibiti. Uwargidana da ta sa ƙafa a ruwan teku dariya ta yi ta yi kamar yarinya, har yaran suka tsaya suna kallonta, don ba su taɓa jin ta yi irin wannan dariya ba.

Wanda ya ga Sawakin ta yi nisa a wannan hali, ya fara da Kasala, kwana ɗaya ya isa. Lokacin da ya dace shi ne Disamba zuwa Janairu, an sayar da riɗi, dawa ta shigo, zafi ya sauka. Kada wanda ya kuskura ya kai yara bakin teku a tsakiyar bazara. A tabbatar kowane babba yana da katinsa na lambar ɗan ƙasa, yara da takardar haihuwa, don shingayen bincike sun ƙaru ƙwarai, kuma mota mai mutum goma sha bakwai takarda ɗaya ta ɓace kowa ya kwana a wurin. A tashi bayan Asuba, kada a yi tafiyar dare. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan ko da akwai Bankak a waya, don ba ko'ina ake samun layi ba. A Sawakin kuma kada a bar yaro ya hau kan kango ko ya shiga ƙarƙashin bangon da ya tsage, don duwatsun nan ba sa sallama kafin su faɗo.

Shi abokin nawa mai hoton Benis, shekaranjiya ya same ni a shago yana tambayar lambar direban da ya kai mu. Ya ce su ashirin da biyu ne, har da surukarsa, kuma wai sai na bi su don in riƙa ƙirga masa yara. Direban dai ya ce a bari ya ga inda farashin dizal zai tsaya bayan kaka.